Fentin kamfani da fentin gareji: amsa ga mai shirin a kankare motarsa

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas. Ya ce: "Na sayi Corolla tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, a kasuwar motoci ta Berger shekara uku da suka wuce. Yanzu fentin bonet da na rufi ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, amma ƙofofi da gefuna lafiyarsu ƙalau. Wani mai fenti ya ce in kawo ta ya kankare ta gaba ɗaya har ƙarfe, wai yana da oben, zai fesa ta ta fito kamar yau ta baro kamfani. Shin hakan zai yiwu? Kuma wai yaya kamfani ke yin fentinsa da har dillalai ke ƙara kuɗi idan mota fes bodi ce, wato tana nan da fentinta na asali?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin in shiga dogon bayani, ga abin da nake roƙonka: kada ka yarda a kankare motar nan har ƙarfe. Bonet da rufi suna bukatar sabon fenti, wannan babu makawa, amma abin da ke ƙarƙashin launin da kake gani ya fi launin daraja, kuma idan aka cire shi babu garejin da zai iya mayar maka da shi, ko a Legas ko a Dubai. Na yi shekaru ina aiki a sashen fenti na wata masana'antar motoci a ƙasar waje kafin in dawo gida in kama harkar gyara, don haka na ga hanyoyin biyu da idona, kuma ina girmama kowacce a matsayinta.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, a kamfani ba mota ake yi wa fenti ba, ƙwarangwal ɗinta ake yi wa. Gangar jikin tana zuwa daga sashen walda tsirara: babu inji, babu waya, babu kujera, babu gilashi, babu roba ko guda. Ƙarfe ne zalla da ƙofofi da bonet da murfin but a maƙale. Duk sirrin yana nan. Abin da babu roba ko waya a jikinsa za ka iya nutsa shi cikin ruwa, ka sa masa lantarki, ka gasa shi da zafin da zai narkar da dashbod. Motarka da ke fake a ƙofar gida ba za ta taɓa komawa wannan hali ba.

Ana farawa da wanka. Ƙarfen da ya fito daga injin matsa yana ɗauke da maiƙo da ƙurar walda, sai a fesa masa ruwan sabulu mai zafi, a tsoma shi, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa. Daga nan ya shiga kwamin sinadarin fosfet mai haɗe da zink, wanda ke bar wa ƙarfen wata fata siririya mai kaushi da ido ba ya gani. Ita ce fenti ke kamawa, ita ce kuma ke hana tsatsa yaɗuwa ta ƙarƙashi idan dutse ya fasa fentin. Ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa ake yi, wanda aka cire wa gishiri da duk wani ma'adini, don ɗigon ruwan famfo ɗaya idan ya bushe a jiki yana iya zama ƙurji bayan shekaru.

Sai mataki na gaba, wanda shi ne zuciyar amsar tambayarka. Idan ka taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, ka ga yadda ake nutsa zane cikin baba har rini ya ratsa kowane zare, to ka kwatanta hakan da kwami mai tsawon da zai ɗauki motoci da dama a jere. Abin da ke ciki kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, sauran kuma ƙwayoyin fentin efoksi ne da ke yawo a cikinsa. Ana nutsa gangar jikin dungurungum, a wasu masana'antun ma har juya ta ake yi ta yi adungure a ciki don kada iska ta maƙale a ƙarƙashin rufi. Sannan a saki wutar lantarki mai ƙarfin bolt 200 zuwa 400. Ƙarfen motar yana ɗauke da caji iri ɗaya, ƙwayoyin fentin suna ɗauke da kishiyarsa, sai su ruga su manne a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni a wannan aikin, har yau, shi ne yadda yake daidaita kansa. Duk wurin da fenti ya riga ya rufe, lantarki ba ya ƙara ratsa shi sosai, sai wutar ta nemi inda yake tsirara. Ta haka fentin ke kutsawa cikin ƙofa, cikin ginshiƙan da ke riƙe da rufi, cikin kwararon da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren da hannu ba ya kai wa, bindigar fenti ma ba ta gani. Cikin minti biyu zuwa uku an gama, kauri ya zo kusan daidai ko'ina, wajen maikron 20. Maikron shi ne milimita ɗaya a raba ta gida dubu, kuma silin gashin mutum yana kai wa wajen 70. Daga kwamin sai oben, a gasa shi a zafin digiri 170 zuwa 180 na kimanin minti ashirin. Kamfanin Ford ne ya fara tsoma jikin motoci ta wannan hanya a 1963, a shekarun 1970 kuma aka koma irin da ake yi yanzu, wanda ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. Shi ya sa dattawan direbobi ke tuna zamanin da mota ke ruɓewa daga ƙasa cikin 'yan shekaru, yau kuma ka ga Camry mai shekara ashirin ƙofarta garau.

Ka lura da wannan zafin, don a nan ne maganar "ina da oben" take rabuwa gida biyu. Kowa ya san bambancin tukunyar da aka gasa a wuta da wadda aka shanya a rana: dukkansu sun bushe, amma ɗaya ce ke riƙe ruwa. Fentin kamfani ba bushewa kawai yake yi ba, zafin ne ke sa sinadaransa su sarƙe da juna su zama abu ɗaya. Oben ɗin gareji kuwa, ko mafi kyau ne, a wajen digiri 60 yake tsayawa, kuma dole ne ya tsaya a nan, tunda a cikin motar akwai wayoyi da robobi da batir da tankin mai. Saboda haka fentin gyara wani haɗi ne daban, wanda ake zuba wa hadna don ya taurare da ɗan zafi. Yana da kyau idan an yi shi bisa ƙa'ida, ni kaina da shi nake ci. Amma babu kwamin tsomawa a gareji, babu fosfet, babu lantarki. Wanda ya kankare maka mota har ƙarfe ya jefar da waɗannan duka, abin da zai mayar a madadinsu faraima ce ta feshi, wato fentin shimfiɗa da ake sawa kafin launi. A Kano ko Sakkwato, inda iska ke bushe, mai yiwuwa a daɗe ba a ga illar ba. A Legas da iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, ga damina mai tsawo, ga ambaliyar da ke kai wa ƙofar mota a hanyar Lekki ko Apapa, ƙarfen da aka tsiraita da safe kafin la'asar ya fara ja. Na sha ganin motar da aka fesa a kan irin wannan jan, bayan damina ɗaya fentin ya kumbura kamar ƙuna.

Mu koma masana'anta. Bayan an gasa ta a oben karon farko, ana bin duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a liƙe shi da wani danƙo mai kauri don kada ruwa ya shiga, a fesa wa ƙarƙashin motar wani mai kama da roba saboda tsakuwa. Idan ka buɗe ƙofar Corollarka ka dubi gefenta za ka ga layin danƙon nan ya tafi sumul. Dillalan da suka san aiki nan suke fara dubawa, don ƙofar da aka canza ko aka yi wa aikin fanel bita ba ta cika samun layi irin wannan ba. Daga nan sai faraima, maikron 30 zuwa 40, wadda ke cike ƙananan ramuka, tana rage bugun tsakuwa, tana kuma kare efoksin da ke ƙasa daga hasken rana, don shi rana ce maƙiyiyarsa. Ita ma a gasa ta. Wasu sababbin masana'antu sun haɗe wannan mataki da na launi don rage kuɗin wuta.

Yanzu mun zo wurin da ake nunawa a bidiyo, inda hannayen mutum-mutumi ke rawa a kewayen mota. Amma kafin jikin ya shiga, sai ya bi ta tsakanin wasu manyan buroshi masu juyawa, kuma a masana'antu da yawa da gashin jimina ake yin su, don har yanzu da wuya a sami abin da ke kwashe ƙura kamarsa ba tare da ya karce jiki ba. Ɗakin feshin kansa a rufe yake ruf. Tatacciyar iska tana saukowa daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa, tana tafiya da duk ɓurɓushin fentin da bai kama jiki ba. Ana riƙe zafin ɗakin a wajen digiri 23, laima kuma a wajen kashi 65 cikin ɗari, rani da damina. Sanyaya wannan iska da ɗumama ta, haɗe da oben-oben, su ne suka sa sashen fenti ke cin wuta fiye da kowane sashe a masana'antar mota, kuma gina shi yana cikin abin da ya fi tsada. Shi ya sa da yawa daga masu harhaɗa motoci a ƙasar nan suke shigo da gangar jikin da fentinta, su ɗaura sauran kaya a nan.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini tsoron ƙazanta. Wata rana motoci suka fara fitowa da ƙananan ramuka a fenti kamar idon kifi, ɗaya bayan ɗaya. Muka duba fenti, muka duba matatun iska, muka duba bututu. Sai da aka kwana biyu aka gano cewa wani man shafawa ne mai sinadarin silikon da aka yi amfani da shi wajen gyaran wani inji. Abin da bai cika cokali ba ya sa aka sake aikin motoci masu yawa. Saboda irin haka ne ake hana ma'aikacin ɗakin fenti wasu mayukan shafawa da turaren hammata, a sa masa riga marar zare da hula da safar hannu, ya bi ta ɗakin da iska ke kakkaɓe shi kafin ya shiga. Ka ɗora wannan a kan fentin da ake yi a buɗaɗɗen fili, ƙura na tashi, janareta na hayaƙi, a gefe wani yana goge taya da man sheƙi.

A bakin hannun kowane mutum-mutumi babu bindiga irin ta gareji. Wani ɗan ƙoƙo ne mai siffar ƙararrawa, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, yana juyawa sau dubu 30 zuwa dubu 60 a minti ɗaya. Fenti na zuba a tsakiyarsa, gudun juyawar ya watsa shi ya zama hazo mai laushi. Hazon ana ɗora masa cajin lantarki na bolt dubu 60 zuwa dubu 90, motar kuma an haɗa ta da ƙasa, sai fentin ya bi ta da kansa, har ya lanƙwasa ya kama bayan gefuna. Kamar dai yadda yara ke goga biro a gashin kai ya ɗauki guntayen takarda. Da tsohuwar bindigar hannu, fiye da rabin fentin a iska yake tafiya, amma da ƙoƙon nan kashi 80 ko fiye yana sauka a jiki. Akwai wasu ƙananan hannaye da aikinsu kawai buɗe ƙofa da bonet don a fesa ciki. Canza launi kuma cikin 'yan daƙiƙu ne: baƙar mota ta wuce, inji ya wanke kansa, fara ta biyo baya. A babbar masana'anta kusan kowane minti mota guda ke fita. Kamfanoni irin su Dürr na Jamus, da ABB, da Fanuc na Japan ne ke ƙera waɗannan injuna, fentin kuma daga irin su PPG, BASF, Axalta, Kansai da Nippon Paint yake zuwa.

Mutane suna ɗauka fifikon injin shi ne sauri. A wurina fifikonsa shi ne ba ya gajiya. Tazarar da ya bari tsakaninsa da mota ta farko da safe, ita zai bari a mota ta ɗari biyar da dare, da gudu iri ɗaya. Wannan yana da muhimmanci musamman a launin silba da sauran masu ƙyalli, don a cikinsu akwai ɓurɓushin alminiyam, masu walƙiyar lu'ulu'u kuma ɓurɓushin ma'adinin maika, kuma yadda suka kwanta shi ke fitar da launin. Hannu ya ɗan matso ko ya ja baya, sai ka ga wuri ya yi duhu, wuri ya yi haske.

Launin nan da ake ta rigima a kansa shi ne mafi siranta, maikron 10 zuwa 20 kacal, kuma a yawancin masana'antu yanzu da ruwa ake dama shi maimakon tina. Ana ɗan busar da shi, sai a ɗora kiliya a kai, wato wannan fata mai kama da gilashi, maikron 35 zuwa 50, a gasa su tare a wajen digiri 140. Idan ka tara komai tun daga ƙarfe, abin bai cika wuce maikron 100 zuwa 150 ba, kaurin gashi biyu ke nan. Bamba kuwa roba ce, ba ta jure wannan zafin, don haka daban ake fesa ta, sau da yawa ma a wata masana'antar. Idan ka ga launin bamba ya ɗan saɓa da na jiki, ba lallai ne an yi hatsari ba.

Daga oben sai layin dubawa, ƙarƙashin fitilu masu tsananin haske. Yanzu akwai kyamarorin da ke gano ƙwayar ƙura, amma har yau akwai mutane masu shafa jikin da tafin hannu, su goge ɗan tabo da sanfefa mai laushi su bi shi da folish. A ƙarshe wasu kamfanonin suna ɗura wani kaki na masana'anta cikin kwararon jiki don ƙarin kariya, sannan a tura ƙwarangwal ɗin sashen da za a sa masa inji da kujeru.

To abin da ya sami motarka shi ne kiliyar ce ta mutu. A cikinta akwai sinadaran da ke shanye zafin hasken rana, kuma suna ƙarewa da shekaru. Bonet da rufi su ne ke kallon sama, su ke fara tafiya. Wanki da omo, da yawan folish da inji wanda kowane zagaye yake cin 'yan maikron, da kashin tsuntsu da aka bari ya kwana, duk suna gaggauta abin. Kiliyar da ta fara ɓarewa ba ta gyaruwa da folish, kuma fesa sabuwa a kanta ɓarnar kuɗi ce. Amma faraima da efoksi da fosfet ɗin da ke ƙasa, in dai babu tsatsa, suna nan da ransu.

Don haka ka ce wa mai fentin ya tsaya a bonet da rufi, ya duba murfin but da saman fenda ko su ma sun fara. Ya goge matacciyar kiliya da launin da sanfefa har ya iske faraimar kamfani, ya tsaya a nan. Inda hannu ya zarce ƙarfe ya fito, ya rufe shi da faraimar efoksi a ranar, kada ya kwana. Lambar launin tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR: a Toyota, 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 silba. Da lambar za a haɗa fentin, amma tunda rana ta ɗan ci na jikin motar, sai ya fesa gwaji a ɗan faranti ku duba tare a hasken rana kafin ya taɓa motar. Ka tambaye shi wace kiliya zai sa, ka ga gwangwaninta da na hadnarta, kamfani ɗaya, a auna da kofin awo, ba da ido ba. A nan ne ake yawan cutar mutane, kuma araha ba ta ado: kiliya mai arha tana sheƙi ranar da ka karɓi mota, bayan shekara ta koma rawaya. Ka leƙa ɗakin feshin da kanka, ka ga ko fankar jan iska tana aiki, ko matatun suna da tsabta, ko kwamfuresa tana da abin tace ruwa, don laimar Legas tana taruwa a tankin iska ta fito ta bindiga.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma yana damuna ƙwarai. Hadnar fentin nan tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma mai tsanani, kuma wanda huhunsa ya kamu sau da yawa ba ya komawa daidai. Yaranmu da yawa da ke koyon aikin nan, daga Agege har Idi-Araba, da hankici a hanci suke feshi, in sun gama a ba su madarar gwangwani wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, ba huhu ba. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa kamfanoni suka miƙa feshi ga injuna ke nan. Idan ka ga wanda zai fesa motarka ba shi da takunkumi na gaske da aka yi don wannan aikin, don Allah ka yi magana, kai mai biyan kuɗi ne, za a ji taka.

Game da fes bodi, dillalai suna da gaskiya da suke ƙara kuɗi, sai dai kalmar ta yi arha a baki. Akwai ɗan na'urar auna kaurin fenti da ke shiga aljihu. Idan ta nuna maikron 90 zuwa 150 a ko'ina, fentin kamfani ne. Idan wata ƙofa ta haura 250, an sake fesa ta. Idan ta doshi 1,000, akwai bodi fila a ƙasa, wato abin da ake shafawa a cike wurin da ya lotsa. Tokumbon da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka kuma sai an leƙa ƙarƙashinta, don can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Taka motar, bayan gyaran, za ta zama mai fanel biyu da aka fesa, sauran jiki na asali, kuma duk mai saye da ya san mota zai fi son haka a kan wadda aka yi wa wankan fenti gaba ɗaya.

Idan an gama aikin, ka bar sabon fentin kamar wata guda ba folish ba kakin sheƙi, ruwa da sabulun mota kawai, don tinar da ke ciki ta gama fita. Duk ranar da ka ratsa ambaliya kuma, ka sa a wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai kyau, a duba ƙananan hudojin da ke gindin ƙofofi kada laka ta toshe su.